Mugun da zai hau karaga: amsa ga mai rubuta littafin almara

Wata matashiyar marubuciya ta aiko da tambaya kamar haka: "Ina rubuta littafin almara, irin mai aljanu da tsafi da masarautun da babu su a duniya. Tauraron labarin mugu ne, zan bi shi tun yana ba kowan kowa ba har ya hau karagar mulki. Na ba mutum biyu babi shida na farko sun karanta. Ɗaya ta ce ta tsane shi tun daga shafin farko har ta kasa ci gaba. Ɗayan ya ce shi bai ga abin da zai sa mutanen ƙasar su zuba ido wannan mutum ya mallake su ba. Ina gyaran yake?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, domin kin ɗauko aiki mai nauyi. Na daɗe ina duba rubuce-rubucen marubuta kafin su kai ga bugawa, kuma irin labarin da kike so ki rubuta yana cikin waɗanda suka fi saurin karyewa a hannun mai su. Ƙorafin masu karatunki biyu kuwa ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri biyu. Kin zuba duk ƙarfinki a kan mugun, kin bar ƙasar da zai ci babu kowa a cikinta sai gumaka. Da ɗan gari akan ci gari. Duk wanda ya hau karaga, mutane ne suka ɗora shi, kuma kowannensu yana da dalilin da ya gamsar da shi a ranar da ya miƙa hannu. Idan kika rubuta waɗannan mutane da dalilansu, mai karatunki na biyu zai sami amsarsa. Ta farkon ma za ta daina tsanar tauraron tun daga shafin farko, domin za ta riƙa ganinsa da idon waɗanda suke buƙatarsa.

Bari in kai ki tarihi, don a nan ne marubucin almara yake samun ƙashin bayan labarinsa. Mutane da yawa suna ɗauka Hitila da ƙarfin bindiga ya karɓi Jamus. Ya gwada hakan a Munich a 1923, ya faɗi, aka ɗaure shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ba ta kai kashi 3 cikin 100 na ƙuri'u ba. Sai tattalin arzikin duniya ya durƙushe daga 1929, miliyoyin Jamusawa suka rasa aiki, a Yulin 1932 jam'iyyar ta tashi da kashi 37. Duk da haka bai taɓa samun rinjayen da zai ba shi mulki kai tsaye ba, a zaɓen Nuwamban shekarar ma ƙuri'unsa raguwa suka yi. Ranar 30 ga Janairun 1933 shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati, bisa shawarar manyan 'yan siyasa irin su von Papen, waɗanda suka yi lissafin cewa za su riƙe masa linzami. Mutanensa biyu kacal ne a majalisar ministocin da aka kafa. Cikin Fabrairu ginin majalisar dokoki ya ƙone, washegari aka dakatar da 'yancin jama'a da sunan tsaro. Ranar 23 ga Maris majalisar da kanta ta kaɗa ƙuri'ar miƙa masa ikon yin doka, mutum 94 ne kawai suka ce a'a. Ki ƙirga hannaye nawa ne a cikin wannan labari. Akwai tsohon da ya gaji, akwai mai wayon da ya raina shi, akwai attajirin da ke tsoron 'yan gurguzu, akwai magidancin da ya shekara biyu ba aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikinki na farko shi ne ki zauna ki rubuta wa kanki inda bangon masarautarki ya tsage tun kafin a haifi mugun.

Wani abin da nake so ki lura da shi shi ne kujerar da ya fara zama. Marubuta suna son su fara da sarkin yaƙi ko babban boka, mutumin da kowa ke tsoro. Amma wanda ake tsoro ana sa masa ido. Lokacin da aka naɗa Sitalin babban sakataren jam'iyyar gurguzu mai mulkin Rasha a Afrilun 1922, manyan abokan tafiyarsa kallon aikin takarda suke yi wa muƙamin. Ashe mai wannan kujera shi ke tsara wa za a tura ina, wa za a ɗaga, wa za a mayar ƙauye. Lenin, jagoran jam'iyyar, yana kwance ba lafiya ya bar rubutu a farkon 1923 cewa a sauke Sitalin. Bayan mutuwar Lenin a 1924, wasu jiga-jigan jam'iyyar biyu, Zinoviev da Kamenev, suka tsaya wa Sitalin aka danne maganar, saboda wani jigon dabam mai suna Trotsky suka fi tsoro. A 1936 Sitalin ya sa aka harbe Zinoviev da Kamenev duka biyun. Wannan kaɗai ya ishe ki babi goma.

To mu ɗauki misali daga irin duniyar da kike ginawa. A ce tauraronki sunansa Tanimu, magatakardan rumbunan sarki ne, shi ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Da gangan na ba shi suna irin na kowa. Idan kika raɗa masa suna mai kama da tsawa, kin riga kin yanke masa hukunci a bangon littafin, mai karatu ba shi da sauran aikin yi. An shekara uku ba ruwan kirki, talakawa suna binne 'ya'yansu, fadawa kuma sun kwashe hatsin rumbu sun ɓoye suna jiran ya yi tsada. Tanimu kaɗai ya san adadin, domin alƙalaminsa ne ya rubuta. A babi na biyu ya tsaya gaban sarki ya karanta lissafin da ƙarfi, yana sane da cewa kansa zai iya tafiya. A wannan rana gaskiya tana gefensa ɗari bisa ɗari, kuma dole mai karatu ya tafa masa da zuciya ɗaya. Kada ki saka wani murmushin mugunta a ƙarshen babin don ki tuna mana cewa mugu ne. Ki bar mu mu so shi. Wannan son shi ne jarin da za ki riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har ƙarshen littafin, kuma in ba ki tara shi da yawa a farko ba, zai ƙare miki a tsakiyar hanya.

Abin da za ki shuka a nan ƙarami ne ƙwarai. Lokacin da jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa suna kiran sunansa, ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba, kuma daɗin ya fi na ganin yara sun ƙoshi. Layi biyu sun isa. Mai karatu zai wuce su bai kula ba, sai a babi na talatin zai dawo yana neman su.

Daga nan sai maganar tazarar da ke tsakanin laifi da laifi, kuma a nan ne rubuce-rubuce da yawa suke zamewa. Mutumin da ya buɗe rumbu jiya ba zai yanka jariri gobe ba. Kowane mataki ya zama tsawonsa taku ɗaya daga wanda ya gabace shi, yadda mai karatu zai ce a ransa, to ai wannan ma da hujjarsa. Na farkon da zai cutar ya kasance wanda ya cancanta, bafaden da ya ɓoye hatsi, a ƙwace dukiyarsa a kore shi. Na biyu shi ma mai laifi ne, amma hukuncin ya ɗan zarce laifin. Na uku ba shi da laifi, sai dai ya ga abin da bai kamata ya gani ba, kuma in ya yi magana duk gyaran da aka faro zai rushe, yunwa ta dawo. A wannan na ukun ki tsaya ki daɗe. Ki ba Tanimu dare guda cur bai runtsa ba, ki bar shi ya nemi wata hanya da gaske, ki bar wata hanyar ta kasance akwai ta, mai wuya ce kawai, zai rasa muƙaminsa in ya bi ta. Ya ga hanyar da idonsa, ya kau da kai. Idan babu wata hanya, to ƙaddara ce ta auka masa, mai karatu zai tausaya masa kawai. Muguntar tana fitowa ne daga zaɓin da ya yi alhali ƙofar alheri tana buɗe.

Akwai wani labari da Makiyabeli, wani marubucin Italiya, ya kawo a littafinsa kan dabarun mulki wanda ya rubuta a 1513, ya dace da tsakiyar irin littafinki. Wani basarake mai suna Cesare Borgia ya ci yankin Romagna a Italiya, ya tarar da shi cike da fashi da rikici. Ya naɗa wani mutum mai tsananin zafin hannu, Remirro de Orco, ya ba shi wuƙa da nama. Remirro ya daidaita ƙasar da jini, jama'a suka tsane shi. Wata safiya a Disambar 1502 mutanen garin Cesena suka tashi suka tarar da gawarsa a dandali an raba ta biyu. Borgia ya ci amfanin zaluncin, sannan ya ci amfanin hukunta azzalumin, mutane suka koma gida suna gode masa suna kuma tsoronsa. Tanimu yana buƙatar irin wannan bawa, mutumin da yake ƙaunarsa tsakani da Allah, wanda zai yi masa aikin ƙazanta don ya yarda da shi. Ranar da Tanimu ya miƙa shi ga jama'a su yayyaga, ranar ce mai karatu zai gane wa yake bi tun farko.

Yanzu ga tsafin, wanda shi ne ya bambanta littafinki da labarin siyasa zalla, kuma shi ne babban tarkon. Idan aljani zai iya ɗauko Tanimu ya dire shi a kan karaga, to babu labari, domin babu wanda ya yi zaɓi. Haka nan idan wani zobe ne ya shiga kansa ya mayar da shi mugu, kin wanke shi daga laifi, kin ɗora wa ƙarfe. Ka'idar da nake ba marubuta ita ce, tsafi ya buɗe masa taga, amma ƙofa mutane ne za su buɗe. Kuma kowane amfani da shi ya zo da farashin da mai karatu zai iya gani yana taruwa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ki nemi irin baiwar da ta yi kama da ciwon zuciyarsa. Misali, a wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe ya ƙulla alkawari da abin da ke cikinta, aka ba shi ikon jin tsoron da ke ƙirjin duk wanda ya tsaya gabansa. Ba ya kashe kowa da wannan, ba ya tashi sama. Amma ya san waziri yana tsoron a gane ɗansa ba nasa ba ne, ya san sarkin yaƙi yana tsoron tsufa, ya san sarki yana tsoron a ce a zamaninsa ƙasa ta lalace. Da wannan sani yake zuwa wa kowa da maganar da yake jira ya ji. Farashin kuwa, duk lokacin da ya saurari tsoron mutum, sai ya daina jin komai daga gare shi sai tsoron. Matarsa ta ce masa sannu da dawowa, shi abin da ya shiga kunnensa shi ne fargabarta. Ƙanensa ya ba shi shawara ta gaskiya, shi ya ji rawar murya kawai. A hankali duniyarsa ta cika da matsorata, sai ya yanke hukuncin cewa ɗan Adam ba ya jin wani yare sai na tsoro, kuma yana da shaida, domin shi kaɗai yake ji. Kin ga a nan tsafin da siyasar da halin mutumin sun zama igiya ɗaya. Wannan misali ne kawai, naki zai iya zama wani abu dabam, amma ki gwada shi da tambaya ɗaya: in na cire tsafin nan, wane zaɓi ne na tauraron zai canza? In amsar ita ce babu, ado ne, ki rage shi. In kuma amsar ita ce dukkansu, ya yi yawa, ya cinye mutumin.

Ki kuma kafa wa tsafin iyaka tun da wuri ki tsaya a kanta. Mai karatu zai yarda da aljani mai kai bakwai, amma ba zai yafe miki ba in a babi na ashirin baiwar ta yi abin da kika ce ba ta iya yi a babi na biyar.

Maganar wanda zai ba da labarin ita ma tana da alaƙa da ƙorafin mai karatunki ta farko. Idan muna cikin kan Tanimu, to mu ji shi yadda yake jin kansa. Babu azzalumin da ke kwana yana cewa ni azzalumi ne. Cewa yake ni kaɗai na damu da ƙasar nan, in na sauka kuraye za su dawo, su ne suka tilasta mini. Kalmominsa su riƙa canzawa ba tare da ya lura ba. A farko yana cewa "mutanenmu", a tsakiya "talakawa", can gaba "waɗannan". A farko yana tuna sunan duk wanda ya mutu, daga baya adadi yake tambaya. Sai dai zama cikin kansa kaɗai har shafi ɗari uku yana da haɗari, domin hujjojinsa za su iya rinjayar littafin. Shi ya sa nake ba da shawarar ido na biyu, wani na kusa da shi wanda za a riƙa ba shi babi lokaci-lokaci, ƙanwarsa ko abokin ƙuruciyarsa. Ta idonta ne za mu ga abin da shi ya daina gani, kamar yadda yaran unguwa suka daina wasa in ya wuce.

Masu adawa da shi kuma kada ki mayar da su wawaye don hanyarsa ta yi sauƙi. Su zama masu hankali waɗanda wani abu ya ɗaure wa hannu. Alƙalin da ya gane shi tun wuri ba shi da shaidar da doka ta yarda da ita, kuma mutum ne da ba zai taka doka ba. Gimbiyar da za ta iya tara jama'a tana gaba da sarkin yaƙi kan wata tsohuwar magana, kowannensu ya fi tsoron ɗan'uwansa a kan magatakardan rumbu. Kuma a sami mutum ɗaya, ko da ƙaramin dogari ne, wanda aka ba umarni ya ce ba zai yi ba, ya biya da ransa. Amfaninsa a littafin babba ne, domin shi ke nuna cewa sauran ma suna da zaɓi. Ayar nan ta 54 a Suratuz Zukhruf da ke magana a kan Fir'auna ta haɗa ɓangarorin biyu a numfashi ɗaya, ta ce ya raina hankalin mutanensa, su kuma suka bi shi.

Na san akwai damuwar da ke ƙarƙashin tambayarki ko da ba ki furta ta ba, wato kada a ce kin ƙawata mugunta. Damuwa ce mai kyau, ni ma ina da ita a duk lokacin da aka kawo mini irin wannan rubutu. Maganinta ba wa'azi ba ne a ƙarshen kowane babi. Ki ba waɗanda ya zalunta suna, da sana'a, da abin da suke shirin yi gobe. Mutumin nan na uku da ya ga abin da bai kamata ba, mu san shi tun babi biyu kafin a kashe shi, mu san yana tara kuɗin aurar da 'yarsa, kuma bayan mutuwarsa 'yar ta ci gaba da bayyana a labarin, tana girma, tana tambaya. Littafin da ke ƙawata zalunci shi ne wanda gawa ke faɗuwa a cikinsa a wuce kamar an zubar da ruwa. Muddin mamacin yana da nauyi a shafi, mai karatu ba zai ruɗe ba, ko da kuwa mugun ne ya yi nasara a ƙarshe.

Kuma ki bar shi ya yi nasarar, tunda labarin hawansa kika ce za ki rubuta. Kada tsoro ya sa ki turo wani jarumi daga sama a babin ƙarshe ya sare shi. Ranar naɗin ta zo da duk abin da ya yi mafarki, tambura da algaita da dawaki da taron da ido ba ya iya ganin ƙarshensa. Masu zaɓen sarki su miƙa masa sandar da hannunsu, wasunsu ma suna kukan farin ciki, domin rumbuna a cike suke, hanyoyi babu ɓarayi, kuma wannan gaskiya ne. Sai ya zauna, ya duba taron yana neman fuska ɗaya da ta san shi tun yana riƙe da alƙalami, ya tuna inda ya kai kowacce. Jama'a dubu suna yi masa kirari, shi kuwa abin da ke shiga kunnensa sauti ɗaya ne daga kowane ƙirji.

Game da babi shidan da kika riga kika rubuta, ga abin da zan so ki yi kafin ki ƙara ko layi ɗaya. Ki ɗauki takarda ki rubuta sunayen mutum bakwai waɗanda dole sai sun ce "to" kafin tauraronki ya hau karaga. A gaban kowane suna ki rubuta abin da yake tsoro, da abin da yake so, da ƙaryar da zai yi wa kansa a ranar da zai amince. Sannan ki koma babi na ɗaya ki cire duk wurin da kika gaya mana cewa mugu ne, ki maye gurbinsa da alheri guda na gaske da ya yi wa ɗaya daga cikin bakwai ɗin. In kin gama, ki mayar wa masu karatunki biyu, kada ki gaya musu abin da kika canza, ki tambaye su a wane shafi ne suka fara jin ba daɗi da shi. In sun ambaci shafuka mabambanta, kuma dukansu bayan babi na huɗu, kin kama hanya, sai ki aiko mini da babi na bakwai mu duba tare.